Idan Bindigar Farautar Mahaifinka Ta Faɗo Hannunka

Bindigar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai baki biyu ce, ƙirar Birmingham ta Ingila, kuma ta girme ni. Na tashi ina ganinta naɗe cikin bargo a ƙuryar ɗakinsa, a gidanmu da ke Yakasai. Bayan sadakar uku Yaya ya ce mini, "Kai ne mai binsa daji, ka ɗauka." Ina shirin ɗauka, aminin Baba da suka yi shekaru suna farauta tare, wanda muke kira Baffa, ya dafa hannuna. Ya ce, "Dakata, yaro. Ba ta zama taka ba tukuna. Akwai haƙƙin magada a kanta, akwai na hukuma, sannan ba ka san lafiyar ƙarfen ba." Abin da ya koya mini daga ranar shi zan faɗa wa duk wanda irin wannan amana ta faɗo hannunsa.

Fara da 'yan'uwanka. Bindiga dukiya ce kamar gida da gona, tana cikin abin da za a raba bayan an biya bashi an cika wasiyya. Hajiya tana da tumuninta a ciki, ƙannenka mata suna da rabonsu, ko da ba su taɓa riƙe ta ba. A nemo wanda ya san bindiga ya yi mata kuɗi a gaban kowa, a cire daga kasonka, a rubuta. Kada kai mai so ka zama mai yanke farashi.

Sai hukuma, kuma nan ne mutane da yawa ke jefa kansu cikin rigima da kyakkyawar niyya. Ba a gadon lasisi. Takardar da Baba ya bari sunansa ne a kanta, ta ƙare da rasuwarsa. Dokar makamai ta 1959 kwana 14 kacal ta bai wa magaji ya riƙe bindigar mamaci. Don haka ka ɗauki tsohon lasisin, da takardar shaidar rasuwa, da rubutun yardar magada, ka tafi hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai. Takardu kaɗai za ka kai a zuwan farko. Ka tambaye su yadda suke so a kawo ta ajiya, kuma in ka miƙa ta ka karɓi rasit mai ɗauke da lambarta. Irin tamu mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta daga ofishin Sufeto Janar yake fitowa. Adaka kuwa, wato wadda ake ɗurawa ta baki, lasisinta a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake. Wadda ke ɗura wa kanta harsashi, ko wadda ake ja a tura, ba ta cikin sahun waɗanda ofisoshin nan biyu ke bai wa lasisi ko kaɗan. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Akan kuma dakatar da bayar da sabon lasisi, kamar yadda aka yi a 2023. In ka tarar da haka, ka bar ta a ajiyarsu ka yi haƙuri. Gara ta kwana can da sunan gidanku da a tsince ta ƙarƙashin gadonka ba takarda.

Ranar da tawa ta dawo hannuna, na ƙagu in ji ƙararta. Baffa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya karya ta, wato ya buɗe ta daga gindi, kafin ya yi komai. Wannan ne aikin farko kullum: duk bindigar da aka miƙo maka ka ɗauka akwai harsashi ciki har sai idonka ya gani. Ya cire katakon gaba, bututun suka fita, ya ɗaga su saitin rana ya ce in leƙa. Na dama haske tas. Na hagu duhu. Ya zura sanda a hankali, sai ga busasshen laka na zubowa, har da gawar tsutsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki tun Baba na kwance. Da a ce na harba ta haka, da bututun ya fashe daidai inda hannuna na hagu ke riƙe. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ga sauran abin da ya duba, kai ma ka duba. Ka bi bututun da yatsa daga gindi zuwa baki, kana neman lotsawa ko kumburi. A ciki, tsatsa sama-sama takan fita da gogewa, amma in ta ci rami, magana ta canza. Ka rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa da farce: mai lafiya yakan yi amo kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki kuwa sai ka ji shi dum. Ka mayar da su, ka bar katakon gaba a cire, ka riƙe ƙota ka girgiza. In ka ji motsi tsakanin bututu da jiki, ta saki, ba ta harbuwa sai gwani ya gyara. Gwani na ce, ba mai walda na bakin titi ba. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen bindiga. In kuma ka ga jikin bututun da zane mai murɗe-murɗe kamar igiya, tsohuwar ƙira ce ta zamanin baƙin albarushi. Irin wannan ka goge ta ka adana don tunawa, kada ka sa mata harsashin yau.

Juya bututun ka karanta ƙasansu. Nan ake buga hatimin gwaji da girman harsashi. In ka ga 12/70, tana cin harsashi mai lamba 12 mai tsawon milimita 70. Tsofaffin ƙirar Ingila da yawa milimita 65 ne, wato inci biyu da rabi, ta Baba ma haka take. Abin da ke yaudarar mutane shi ne mai 70 zai shiga ya zauna daram, domin tsawon da aka rubuta na kwanson ne bayan ya buɗe. Shigarsa ba shaida ba ce. Haka kuma kada ka taɓa haɗa mai lamba 20 da mai lamba 12 a aljihu ɗaya: ƙaramin zai zurma ciki ya maƙale, ka ɗora babba a bayansa ba ka sani ba. Tsofaffin harsasan takarda da muka samu a gwangwanin Baba, hukuma na miƙa wa.

Wajen gogewa, tsumma mai tsabta da sandar itace da ɗan man keken ɗinki sun wadatar in ba ka samu man bindiga ba. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo. Na daina naɗe ta a bargo, don da damina yana riƙe danshi. Tana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsashi a wani wurin daban, mukullai a jikina. Gida mai yara bai yarda da "ai na ɓoye" ba.

Fita daji sai bayan kaka, lokacin da aka kwashe amfanin gona. Da damina zabi da fakara suna kan ƙwai, a ƙyale su. Dajin Falgore na gwamnati ne, an keɓe shi, ba a shiga da bindiga. Duk ƙauyen da ka sauka ka gai da mai gari da Sarkin Baka, su ne suka san inda makiyaya suke da inda mata ke itace. A hanya bindiga a warware take cikin jaka, lasisi a aljihu, kuma ka taƙaita nisan tafiya da ita. Babu Bakanon da ya manta mafarautanmu 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025, suna kan hanyar dawowa gida Sallah. Cikin gari kuwa babu harbi, ko na biki ko na murna. A bar wa 'yan bindigar Sarki ranar hawa.

Harbin farko a kwali za ka yi shi, daga taku 30, da tudun ƙasa a bayansa, don ka ga inda take watsa ƙwayoyinta. Ka manna ƙota a kafaɗa sosai, kunci a kan katako, yatsa nesa da kunama har sai ka yi niyya. In kana tafiya ka riƙe ta a karye. Za ka tsallake kwari ko shinge, ka cire harsashi. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta inda yake ka ƙirga sittin kafin ka buɗe. Abin da ya wuce taku 35 zuwa 40 ka bar shi ya tafi, raunata shi kawai za ka yi, alhali ƙwayoyin dalmar suna iya wuce mita 200 su sami wanda ba ka gani ba. Motsin ciyawa ba nama ba ne. Sai ka ga dabba ƙuru-ƙuru, ka ga bayanta, ka yi bisimilla, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka.

Zabon farko da na samu, a wata fadama bayan gari, Baffa ne ya miƙo mini wuƙa. Da muka dawo na kai wa Hajiya. Ta juya shi ta duba, ta yi wa Baba addu'a, sannan ta ce, "Ka goge ta tukuna kafin ka ci abinci. Haka yake yi."