Yadda ake zaɓen kayan da za a haɗa wa sabuwar kyamara marar madubi a Legas

Idan ka gama biyan kuɗin kyamara, mai shago zai turo maka tarkace a leda ɗaya: jaka, ƙafar kyamara mai rawa, filta uku da ƙyallen gogewa. Bar su tukuna. Abu uku ne ke kunyata mai hoto a Legas: batir ya mutu ana tsakiyar kamu, katin ajiyar hotuna ya cinye hotunan biki, ko fumfuna ta kama lensi. Ragowar kuɗinka nan za su fara zuwa.

Fara da batir. Marar madubi ba ta hutawa, muddin tana kunne to sensa (ɗan farantin da ke kama hoton) da allo suna shan wuta ko ba ka danna komai ba, shi ya sa wanda ya saba da DSLR, wato kyamara mai madubi, yake shan mamaki. Zare batirin ka karanta lambar jikinsa, da ita za ka je kasuwa. Sony a6400 tana amfani da NP-FW50, ƙarami ne, 1020mAh kacal, biki ɗaya yana son guda uku. Ita kuwa a7 III da a6700 NP-FZ100 suke ci, biyu sun wadatar. Canon R50 da R10 LP-E17 ne. Na ƙari na farko ya zama na kamfanin, sauran ka iya sassautawa, amma duk wanda ya fara kumbura ka jefar da shi kafin ya maƙale a ciki. Ka haɗa da caja mai gurbi biyu da ke karɓar USB, domin ranar da aka ɗauke wuta fawa bank ya yi maka aikin.

Sai kati, kuma a nan ne sababbin hannu suke yin kuka. Babbar lambar da aka buga a fuskar katin, irin su 170MB/s, saurin karantawa ce, ba ruwanta da ɗauka. Nemi harafin V. V30 yana nufin katin ba zai gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba, V60 sittin, V90 casa'in. Bidiyon 4K na 100Mbps (megabit ke nan, takwas ne megabait ɗaya) megabait 12.5 kawai yake zubawa a daƙiƙa, don haka V30 ya ishe shi, kuma katin 64GB zai ɗauki wajen minti 85. Sai ka wuce 240Mbps kake bukatar V60. Juya bayan katin: layi biyu na haƙora UHS-II ke nan, ya fi tsada, kuma idan ramin kyamararka UHS-I ne, ka biya kuɗin saurin da ba za ka gani ba.

Babbar matsalar ita ce jabu. A Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba akwai na gaske, akwai na bogi, kwalinsu kuwa kamar an tsaga kara. Katin bogi cikinsa ƙarami ne, wataƙila 8GB ko 16GB, an yi masa dabara yana nuna 128GB. Ranar farko lafiya lau, domin ba ka cika ainihin cikinsa ba. Da ka wuce nan, kyamara za ta ci gaba da ƙirga hotuna kamar babu komai, sai ka zo gida ka tarar rabinsu ba sa buɗewa. Maganin: kafin katin ya ga aikin kuɗi, sa shi a kwamfuta ka gwada da manhajar H2testw, kyauta ce. Za ta cika katin maƙil sannan ta karanta abin da ta rubuta. Tana iya cin awa ɗaya ko fiye, ka ƙyale ta ta gama. In ta nuna ko kuskure ɗaya, mayar da shi, saboda haka ka karɓi rasit kuma ku yi wannan magana da mai shago tun kafin ka biya. Katin da ya ci gwajin, a cikin kyamarar za ka yi masa fomat, ba a kwamfuta ba. Katin 64GB biyu sun fi 128GB ɗaya, kuma ƙaramin katin waya da ake zurawa a adafta ba na aikin biki ba ne. In kyamararka mai rami biyu ce, saita ta ta riƙa rubutawa a duka biyun.

Na uku, laima. Wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato bai san wannan ciwon ba, can ƙura ce abokiyar gaba. A nan iskar bakin teku ce, da damina ko takalmi ka ajiye sati biyu sai ya yi fari. Lensin da aka bari cikin jaka a lungun wadirob zai fito da zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashinsa, in ya daɗe kuma ko an wanke tabon ba ya fita. Akwatin busarwa mai lantarki ya fi, amma da tsada, ga wutar ba tabbas. Samu roba mai murfi da ke rufewa ruf ta ajiye kyamara da lensi, da ƙwayoyin silika masu tsotse laima, irin mai canza launi, da ɗan agogon auna laima. Ka riƙe laimar cikin robar tsakanin kashi 40 zuwa 50. Da silikar ta canza launi ta ƙoshi, a gasa ta a wuta kaɗan ta dawo. Idan kuma ka fito daga zauren biki mai sanyin AC zuwa waje, gilashi zai yi gumi, bar kyamarar a jaka minti goma kafin ka buɗe.

Sensar kyamara marar madubi kuma a buɗe take da zarar ka cire lensi, babu madubin da zai tare mata. Sayi famfon iska na roba. Kashe kyamara, kifa fuskarta ƙasa, ka fesa. Ban da hurawa da baki, yawu za ka zuba mata.

Sauran duk suna iya jira. Filasha irin Godox ka duba harafin ƙarshen sunanta, S na Sony, C na Canon, N na Nikon, F na Fujifilm, in ka yi kuskure ba za su fahimci juna ba. Girman filta yana rubuce a bakin lensi kusa da alamar ø, 40.5 ko 49 ko 67. Lensin 50mm f/1.8 na tokumbo ba laifi, amma haska fitilar waya ta cikinsa ka duba fumfuna kafin ka biya. Jaka kuwa ka zaɓi wadda ba ta da sunan kyamara ɓaro-ɓaro a jikinta, wadda za ka rungume a gaba cikin danfo, ka kuma naɗe babbar leda ka cusa a aljihunta saboda ruwan da ke saukowa ba sallama.