Yadda ƙaramar ƙungiya za ta tsara aikin shekara

Da farko ku zauna bayan La'asar. Ma'aji ya buɗe littafin kuɗi da rasit na bara, ya karanta a gaban kowa.

Sannan ku zaɓi aiki biyu kacal. A ganina nan ake yawan tuntuɓe. Ƙungiyar mutum 20 a Rigasa ba za ta haɗa kula da marayu, gyaran rijiya da yashe kwata lokaci guda ba. In kwata ce, ku sa ta a Afrilu, kafin damina ta kankama.

Kowane aiki a rubuta wanda zai riƙe shi da ranar gamawa.

Masu rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku ware kuɗin rahoton shekara da ake kai mata. Bayan wata 3 ku sake zama, takardar da kuka rubuta ayyukan a hannu.