Yadda nake naɗa zaren gilashi mai auna wutar lantarki

Aikin lantarki nake yi a Birnin Kebbi, inda babban layin wuta mai ƙarfin kilovolt 330 (330kV) daga tashar lantarki ta Kainji yake sauka. Kafin komai, kashe wutar, ka haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke zubar da ragowar wuta cikin ƙasa.

Sai ka naɗa zaren gilashin kewaye da babbar wayar, da'irar ta rufe ruf. Maganaɗisun da wutar ke haifarwa shi ke murɗa hasken da ke bi ta cikin zaren, gwargwadon ƙarfinta. Masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya gano haka a 1845.

Kada ka lanƙwasa zaren sosai. Bakinsa kuwa, goge shi tas da sifirit, ƙurar hunturu kaɗan ma tana dusashe hasken. Ni da sassafe nake saita ma'aunin da ke karanta murɗewar hasken, in sake dubawa bayan azahar, don zafinmu na Afrilu yana karkatar da lissafi.