Yadda ake haɗa suwic na netwok ba tare da an sake kiranka gyara ba

Yawancin masu koyon wannan aiki a Zariya, tun daga shagunan buga takardu na Samaru har cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, suna ƙarar da hankalinsu wajen zaɓen suwic, waya kuwa duk wadda mai shago ya miƙo musu sai su karɓa. A gama aiki, a biya su, kafin wata ya zagayo an kira su cewa kwamfutocin da ke can ƙarshen ɗaki suna yankewa. Da wuya a samu laifin na suwic ne. Waya ce, ko kan wayar, ko wuta. Don haka a nan za mu fi daɗewa.

Abin da suwic yake yi

Kowace kwamfuta, firinta ko kyamara tana da lambar da aka buga wa katin netwok ɗinta tun daga kamfani, ita ce lambar MAC. Suwic yana lura da lambar da ta shigo ta kowace ƙofa, ya rubuta a teburinsa, idan saƙo ya zo sai ya tura shi ƙofar mai shi kaɗai, kamar ɗan kamasho a tashar Kwangila da ya san motar da kowane fasinja zai shiga. Iyakar aikinsa ke nan. Suwic na yau da kullum ba ya kawo intanet, ba ya raba lambar IP, wato adireshin da kowace na'ura ke samu a netwok, wannan aikin rauta ne. Wanda ya ja waya daga akwatin kamfanin intanet kai tsaye zuwa suwic, alhali akwatin ba rauta ba ne, zai ga kwamfuta ɗaya ta hau, sauran sun tsaya. Tsarin shi ne intanet ya shiga rauta, rauta ta shiga suwic, suwic ya raba wa kowa.

Zaɓen suwic

Ƙirga na'urorinka, ka ƙara ƙofa ɗaya ta rauta, sannan ka bar sarari. Mai kwamfuta 14 ya sayi mai ƙofa 24, ba mai 16 ba, domin firinta da na'urar Wi-Fi suna nan tafe. Kada ka sayi wanda aka rubuta masa 10/100 a jiki, ka nemi 10/100/1000, wato mai gudun da ya kai megabit 1000, shi ne gigabit. A yi hattara da na hannu: tsofaffin Cisco Catalyst 2960 suna da ƙarko ƙwarai, amma akwai irinsu da ƙofofinsu 24 duk megabit 100 ne, biyu kacal ne gigabit. Karanta cikakkiyar lambar samfurin kafin ka biya, kuma a kunna maka shi a shagon ka ji ƙarar fankarsa.

Ga shago ko ƙaramin ofis, suwic marar saiti ya wadatar, jonawa kawai ake yi. Makaranta, asibiti, ko duk inda baƙi za su hau netwok ɗaya da ma'aikata, sai mai saiti, saboda VLAN, wato raba netwok ɗaya rukuni-rukuni a cikin suwic, da kuma kariya daga zoben waya da za mu zo kansa.

Idan akwai kyamarori ko na'urorin Wi-Fi, za ka so mai PoE, wanda ke ba da wuta ta cikin wayar netwok. Ma'aunin 802.3af yana ba da wat 15.4 a ƙofa ɗaya, 802.3at kuma wat 30. Amma lambar da ta fi muhimmanci ita ce jimlar wutar da suwic ɗin zai iya bayarwa gaba ɗaya. Misali, mai ƙofa 8 da jimlarsa wat 60 ne, aka ɗora masa kyamara 8 da kowace ke cin wat 10 idan fitilunta na dare sun kama, da rana lafiya lau, da magariba sai wasu su riƙa mutuwa. Sannan wasu na'urorin Ubiquiti da MikroTik suna aiki da wuta mai bolt 24 wadda ba ta bin waɗannan ma'aunai, irin wannan na'urar ka bar ta a kan cajarta da ta zo da ita.

Waya

Kwali ɗaya na waya mita 305 ne. Za ka tarar da kwali biyu duk an rubuta Cat6, amma farashin ɗaya ya yi ƙasa sosai. Mai arahar galibi CCA ce, wato alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Araha ba ta ado. Alminiyam ya fi jan ƙarfe tauye wuta, don haka tana zafi a kan PoE, kyamarar da ke nesa ba ta samun isasshiyar wuta, kuma silinta yana karyewa a cikin kai idan an lanƙwasa shi sau biyu ko uku. Gwajin ba wuya: feɗe sili ɗaya ka kankare shi da reza, idan fari ya bayyana a ciki to alminiyam ne. Ko ka kusanta masa wutar laita, na alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take, jan ƙarfe kuwa zai yi ja ya tsaya. Yi wannan a gaban mai shago kafin a ɗora maka kwalin a kan babur. Idan kuɗi sun yi kaɗan, gara Cat5e ta jan ƙarfe zalla da Cat6 ta CCA, domin Cat5e mai kyau tana ɗaukar gigabit har mita 100.

Mita 100 ɗin nan ita ce iyaka daga suwic zuwa na'ura, kuma an ƙirga ta ne a kan mita 90 a bango da mita 10 na gajerun wayoyin gefe biyu. Ka auna ta hanyar da wayar za ta bi, da hawa da sauka da kwana, ba a miƙe ba. Kada ka haɗa ta a bututu ɗaya da wayar lantarki, ka raba su da kamar santimita 30, inda ya zama dole su haɗu kuwa su gitta juna a tsaye. A cikin silin a sa ta a faif ɗin roba saboda ɓeraye. Kada a yi mata kwana mai kaifi, kada a matse ta da ƙusa ko maɗauri har fatarta ta lotse. Tsakanin gini da gini kuma ni ban yarda da wayar jan ƙarfe ba sam. Tsawar damina a Zariya ba ta wasa, kuma wayar da aka rataya a sarari ita ce ke kawo ta cikin suwic ta ƙone ƙofofi. A ja faiba, wayar da ke ɗaukar saƙo da haske ba da wuta ba, a sa ta a ƙofar SFP da aka tanada mata a suwic.

Matse kai

A nan ne aikin yake lalacewa. A cikin wayar akwai sili 8, an murɗe su biyu-biyu. Murɗin ba ado ba ne, shi ne yake kashe hayaniyar da silin ke ɗauka daga maƙwabtansa, kuma ba ya aiki sai idan saƙo ɗaya yana tafiya a kan sili biyun da aka murɗe tare. A cikin kan RJ45, wato kan robar da ake matsewa a ƙarshen wayar netwok, fil na 1 da na 2 abokai ne, na 4 da na 5 abokai ne, na 7 da na 8 ma haka. Amma na 3 abokinsa na 6 ne, ya tsallake biyun tsakiya. Wannan tsallaken shi ne abin da mai koyo ba ya gani.

Sai ka ji ana cewa ai duk yadda ka jera launin, muddin kawunan biyu iri ɗaya ne, zai yi. Mutum ya jera su biyu-biyu a jere yadda suka fito, ya matse, ya sa ƙaramar testa, fitilu su bi daga 1 zuwa 8 tsaf, ya ce ya gama. Testar nan abin da take dubawa kawai shi ne ko sili ya isa wancan gefe, ba ta san wanda aka murɗe da wani ba. A waya mai mita biyu ko uku ba za ka ga komai ba. A mai mita 40, fil na 3 da na 6 suna kan murɗi daban-daban, sai saƙo ya riƙa lalacewa, haɗin ya faɗo zuwa megabit 100 ko ya riƙa zuwa yana tafiya. Shi ya sa kwamfutocin nesa ne kullum suke fara kuka.

Jerin da za ka haddace shi ne T568B. Riƙe kan, ƙarafunansa na kallon sama, ɗan maɓallinsa a ƙasa, bakin da waya ke shiga yana fuskantarka. Daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka a duka gefe biyu. Akwai T568A, shi ma daidai ne, amma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai a duk ginin. Zancen wayar da ake juya kawunanta don haɗa suwic da suwic ya wuce, na yanzu suna gane kansu.

Feɗe fatar kamar santimita 3, a hankali don kada reza ta taɓa silin ciki. Idan Cat6 ce, yanke robar tsakiya daidai bakin fata. Warware murɗin, ka miƙar da kowane sili tsakanin yatsunka har ya daina lanƙwasa, ka jera, ka danne da babban yatsa, sannan ka datse su a tare, su rage kamar milimita 12 zuwa 13. Kada abin da aka warware ya wuce haka. Tura su ciki har ka hango kan jan ƙarfen duka takwas a goshin robar. Sake duba launin kafin ka matse, domin shuɗi da fari mai ratsin kore suna yawan musanya wuri wajen turawa. Fatar wayar dole ta shiga cikin kan, filaya ta danne ta. Idan kana ganin silin masu launi a waje bayan ka matse, yanke shi ka sake, kai bai kai kuɗin dawowa gyara ba. Ka kuma sayi kan da ya dace da wayarka, silin Cat6 ya fi na Cat5e kauri, ba ya zama daidai a kan da ba nasa ba.

Wani abu kuma: megabit 100 sili huɗu kawai yake amfani da su, fil na 1, 2, 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. Don haka idan suwic gigabit ne, kwamfuta gigabit ce, amma haɗin ya tsaya a 100, nemi laifin a shuɗi ko ruwan ƙasa, ɗaya daga cikinsu bai taɓa ƙarfe ba. Kowace waya a rubuta mata lamba a gefe biyu tun kafin a ja ta.

Wuri da wuta

Faɗin rak, akwatin ƙarfen da ake ɗaura kayan netwok a ciki, inci 19 ne, suwic mai ƙofa 24 yakan ci layi ɗaya, wanda ake kira 1U. Ɗaura kunnuwansa, ka sa sukurori huɗu duka, ka bar sarari a gefen da iska ke fita. Kada ka ɓoye shi a cikin silin ƙarƙashin kwano. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki zuwa digiri 40, zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufi kuwa ya wuce nan. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, don haka a busa masa iska idan ta wuce. Inda ba rak, marar fanka ya fi sauƙin riƙo.

A sa masa UPS ko inbata tare da rauta, domin lokacin juyawa daga wutar gari zuwa janareta ne kayan nan suka fi mutuwa. Akwai ɗan sukuru a bayansa mai alamar ƙasa, a haɗa shi da wayar ƙasa ta gini, bayan an tabbatar da gaske tana zuwa ƙasan.

Kunnawa

Kunna shi shi kaɗai tukuna, ka jira fitilu su natsu. Sa wayar rauta, sannan kwamfuta ɗaya, ka duba ta samu lambar IP, ka yi wa rauta ping, wato ka aika mata saƙon gwaji ka ga ko za ta amsa. Sauran wayoyin a sa su ɗaya bayan ɗaya ana kallon fitilar kowace. Launin fitila ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, duba abin da aka rubuta a jikinsa.

Idan duk fitilu suka kama ƙiftawa tare da sauri kuma komai ya tsaya cak, an yi zobe ke nan. Wani ya ga waya a ƙasa ya mayar da kanta cikin suwic ɗin da ta fito, ko an haɗa suwic biyu da waya biyu. Zare su ɗaya-ɗaya har fitilun su lafa. A mai saiti, kunna RSTP, saitin da ke toshe irin wannan zobe, tun ranar farko. Haka nan wanda ya kawo tasa rautar don Wi-Fi ya jona a bango, za ta fara raba nata lambobin IP, rabin ofis ya rasa intanet, sai an kashe mata DHCP, saitin da ke raba lambobin.

A mai saiti, canza kalmar sirrin da ya zo da ita, ba shi lambar IP tsayayya, ka raba VLAN na kyamarori da na baƙi daban, ka rufe ƙofofin da ba kowa a kai. Tsofaffin Cisco galibi ana saita su ne da wayar konsol, wadda ke haɗa kwamfuta kai tsaye da suwic, a gudun 9600. Bayan duk wannan ka ajiye saitin, a Cisco da umarnin write memory, a TP-Link da maɓallin ajiyewa, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta share duk abin da ka yi. Zare filoginsa da hannunka ka mayar, ka tabbatar saitin yana nan kafin ka bar wurin, sannan ka manna takardar da ke nuna ƙofar da kowane ɗaki yake a jikin murfin rak.