Yadda ƙungiyar 'yan kasuwar ƙauye za ta auna haraji ta bi sawun kuɗinta har asibitin mazaɓa

Masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara ba cewa suke a daina biyan haraji ba. Abin da suke nema shi ne ya zama kaɗan, a san shi tun kafin ranar biya, karɓarsa kada ta ci kuɗi, kuma a ga inda ya tafi. Tun ƙarni na 14 masanin tarihi Ibn Khaldun ya lura cewa daula a farkonta takan ɗora haraji mai sauƙi ta tara da yawa, a ƙarshenta ta tsananta ta tara kaɗan, saboda mutane sun janye hannu daga noma da fatauci. Ƙungiyar 'yan hatsi ko ta 'yan kara a Gujungu, Maigatari, Wudil ko Dambatta za ta iya auna halin da take ciki da littafin rubutu guda da biro.

A fara da rubuta duk abin da ake biya. A zaɓi mutum biyar masu sana'a daban, su yi ranakun kasuwa huɗu a jere suna rubuta kwanan wata, sunan kuɗin kamar yadda mai karɓa ya kira shi, adadin, inda aka karɓa, da ko an ba da rasit. A haɗa rasit ɗin da shafin ranar da fil, a duba lambarsa da tambarin da ke kai. Rasit mara lamba, ko biyu masu lamba ɗaya, alama ce kuɗin bai isa baitulmali ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cakuɗa haraji da la'adar dillali da kuɗin dako da kuɗin ƙungiya. Waɗannan ladan aiki ne ko yarjejeniyar 'yan kasuwa, a ware musu shafinsu. In aka cakuɗa, ma'ajin ƙaramar hukuma zai rushe ƙorafin cikin minti biyu, kuma da gaskiyarsa.

Sai lissafi, kuma a nan ne idon mutane ke buɗewa. Da riba ake auna haraji, ba da farashin buhu ba. A ɗauka, a matsayin misali, ribar buhun gero naira 1,500 ce bayan an cire mota da dako. An karɓi 200 a ƙofar kasuwa, 200 wajen lodi, 200 a hanya. Naira 600 ke nan, kashi 40 cikin 100 na ribar, alhali in da kuɗin buhun aka auna sai a ce ai ba komai ba ne. Falke kuwa ba zai haɗiye asarar ba. Zai rage abin da yake taya wa manomi, ko ya ƙara wa mai awo, ko ya koma wata kasuwar. Manomin da geronsa ya riga ya iso kan amalanke, ga bashin taki yana jiransa, shi ne ya fi kowa ɗaukar nauyin, ko da bai taɓa riƙe tikitin ba.

Bayan haka a nemi dokar da kowane kuɗi ya dogara a kanta. Dokar tarayya ta 1998 mai jerin harajin da aka amince da shi ta ba ƙaramar hukuma kuɗin shago da rumfa, na mahauta, na tasha, da na kasuwar da jiha ba ta zuba kuɗi a ciki ba. Ta bar wa jiha harajin kuɗin shigar mutum da rajistar wurin sana'a, ta kuma hana tare hanya da shinge don karɓar haraji. Sabbin dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, masu aiki daga Janairun 2026, sun yafe haraji kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Tunda jihohi na sake fasalin dokokinsu, kada a tsaya kan jita-jita: sakataren ƙungiya ya rubuta wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha da sashen kuɗi na ƙaramar hukuma yana neman jadawalin da ke aiki yau, mai sa hannu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A riƙe kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa.

In za a je gaban shugaban ƙaramar hukuma, a tafi tare da sarkin kasuwa da dagaci, da buƙatu uku kawai: tikiti ɗaya a wuri ɗaya, allon farashi a ƙofar kasuwa, da biya kai tsaye cikin asusun hukuma. Hujjar da ke shiga kunnensa ita ce littafin nan. A tara abin da mutum biyar suka biya, a ƙiyasta na dukan kasuwar, a tambayi nawa ya shiga asusu a watan. Inda aka ba da karɓar haraji kwangila, tazarar takan yi faɗi, domin ɗan kwangila adadi tsayayye yake kai wa hukuma, duk abin da ya matso a sama nasa ne. Rage kuɗin tikiti tare da toshe wannan ɓarakar na iya ƙara wa hukumar kuɗi. Tarihin yankin ma ya nuna nauyi na sauka in an so: Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Jigawa na cikinta.

Ƙa'idojin kasuwa su ma a tace su. Wadda ke kare mai saye daga algus, irin su mudu mai bugaggen gindi, yashi a cikin riɗi, ko jabun magani, a riƙe ta da ƙarfi. Wadda aikinta kawai hana sabon mutum shigowa ko ƙayyade farashi, a yi mata tambaya. Hukumomin sayen amfanin gona sun daɗe suna biyan manomin gyaɗa ƙasa da farashin duniya kafin a rushe su a 1986. Ƙungiya ita ma ta duba kanta: kuɗin shiga mai tsada da hana baƙon ɗan kasuwa saye kai tsaye haraji ne a kan manomi, ko da ba gwamnati ta ɗora ba.

Wajen kasafin kuɗin jiha, abin da aka karanta a majalisa alkawari ne. Abin dubawa shi ne rahoton aiwatarwa na kowane wata uku da ake sawa a shafin intanet na jiha, da rahoton babban mai binciken kuɗi. A nemo layin aikin garinku, a kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki, sannan a taka a je wurin a ɗauki hoto mai kwanan wata. Aikin da ya bayyana shekara uku a jere ba a saki ko sisi ba, kansila da ɗan majalisar jiha su zo su yi bayani.

Kan lafiya kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a Nijeriya daga aljihun mara lafiya yake fita, don haka masu shiga tsarin taimakekeniya, wato inshorar lafiya, suna da hujja. Hukumar da ke tafiyar da tsarin a Kano ita ce KSCHMA, a Jigawa JICHMA, kuma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ra'ayin kasuwa a nan shi ne kuɗi ya bi mara lafiya zuwa inda ya zaɓa. A irin wannan tsari akan biya asibiti kuɗi tsayayye kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba, shi ya sa asibitin da ya san ba ka da wurin komawa yake saurin cewa magani ya ƙare, je ka kemis. Kafin ƙungiya ta biya wa mambobinta, ta samu amsa a rubuce: mutum nawa katin iyali ya ɗauka, kwana nawa kafin ya fara aiki, awon ciki da haihuwa da tiyata suna ciki, akwai asibitin kuɗi a jerin, kuma yaya ake sauya asibiti. Rigakafi da daƙile kwalara ko sanƙarau kam aikin hukuma ne, domin amfaninsu na kowa ne kuma ba mai sayen su shi kaɗai. A nan ya kamata harajin ya fara sauka.

A sa mutum ɗaya na ƙungiya a kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido kan asibitin. Duk wata ya duba katin ajiyar magani guda uku, na zazzaɓin cizon sauro, na gishiri da sukari, da na ƙarin jinin masu ciki, ya ƙirga abin da ke kan kantar magani ya kwatanta da abin da katin ya nuna, ya rubuta bambancin a littafin ƙungiya kafin taron wata.