Yadda ake rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa kan makarantar unguwa a Legas

A Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, duk inda iyaye suka zauna hira sai ka ji kukan makaranta: rufin aji na yoyo, yara na zama a ƙasa, ban ɗaki ya lalace. A bakin masallaci ake fara kukan, a nan kuma yake ƙarewa. Da yawanmu muna ɗaukar kanmu baƙi a Ikko, alhali a nan aka haifi yaranmu, a nan muke jefa ƙuri'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, ba ta tambayi garin ubansa ba.

Da farko ku san mai makarantar. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato LASUBEB, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Sakandare kuwa gundumomin ilimi shida na jihar ke kula da ita, Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye suna gunduma ta ɗaya. Ɗan majalisa ba ya gini da hannunsa, amma ta majalisa kasafin kuɗi ke bi, kuma kwamitin ilimi na iya kiran hukuma ta yi bayani. Majalisar dokokin jiha tana Alausa, da kujeru 40, kowace ƙaramar hukuma biyu, don haka ku tabbatar da mazaɓarku kafin ku sa suna.

Sai ku je makarantar, ku gaida hedimasta, ku faɗa masa niyyarku. Kada ku tsallake shi, domin idan aka zo bincike shi za a fara tambaya. Ku ƙirga komai da idonku: ajujuwa nawa, benci nawa, yara nawa a ajin da ya fi cunkoso. Da izininsa ku ɗauki hoton rufin da bangon, ban da fuskokin yara. "Makarantarmu tana cikin mawuyacin hali" magana ce da kowa ke yi, ba ta ɗaure kowa. Sunan aji da adadin benci su ne ke hana mutum zamewa.

Yanzu rubutu. Da Turanci za a yi, tunda shi ne harshen ofis. In ba ku da tabbas, ku tsara da Hausa ku ba malami ya juya, sannan ya karanta muku ku ji ko abin da kuka ce ne. Shafi ɗaya ya isa: kwanan wata, sunan makaranta da adireshinta, matsalar, sai buƙata guda ɗaya. Na fi nanata wannan, saboda mukan so mu zuba rufi da ruwa da katanga da malaman Arabiyya a takarda ɗaya, wanda ya riƙa da yawa kuwa ba ya riƙe ko ɗaya. Ku girmama shi ba tare da roƙon bara ba, kada ku sa zancen jam'iyya. In kuna son misalin da za ku kawo a wasiƙar, ga Lateef Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, wanda ya gina ajujuwa har aka daina raba yara 'yan safe da 'yan yamma.

Wajen sa hannu kada ku tsaya kan Hausawa kaɗai. Iyaye Yarabawa da Inyamurai su ma yaransu na cikin wannan ajin, ku nemi nasu, tare da na Sarkin Hausawa da liman da baale, wato mai unguwar Yarabawa. A sa lambar wayar mutum ɗaya mai amsa kira.

Ku kai da hannu, ofishinsa na mazaɓa ko Alausa, kwafi biyu. A buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da ita, ku kuma yi kwafi ta uku ku kai wa hukumar da ke da makarantar. Gwamna yakan gabatar da kasafi wajen ƙarshen shekara, saboda haka tsakiyar shekara ya fi dacewa da kai wasiƙar.

Bayan mako uku, in shiru, mutum biyu su koma da kwafin nan mai hatimi, su tambayi sakatare inda takardar ta kwana. In har yanzu shiru, a rubuta ta biyu, gajeriya, a ambaci kwanan watan ta farko, a liƙa kwafinta a baya.