Darasi na Bakwai: Girman Hoto da Yawan Ɗigonsa

A ɗauki tiya ɗaya ta gero a zuba a faifai, za ta rufe shi ruf. A ɗauki wannan tiyar a baza ta a kan babbar tabarma, sai a riƙa hango kaba ta tsakanin ƙwayoyin. Geron bai ragu ba, wurin ne ya yi masa yawa. Ku riƙe wannan misali, domin darasinmu na yau a kansa ya tsaya.

Kowane hoto da ke cikin salula ko kwamfuta an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu kusurwa huɗu, kowane da launinsa. Sunan ɗigon fiksel. Ku buɗe hoto, ku sa yatsu biyu ku yi ta buɗa shi har ƙarshe, za ku ga gefen hula ko na ido ya koma dakali-dakali kamar matakala. To, fiksel ɗin ke nan kuke gani.

Idan aka ce hoto 4000 × 3000 ne, ana nufin ɗigo 4000 a kwance, 3000 a tsaye. In an ninka, ɗigo miliyan 12 ke nan, abin da masu sayar da salula a kasuwa ke kira megafiksel 12. Wannan adadi shi ne geronku.

Faifan kuma ita ce takardar da za a buga hoton a kai. Masu ɗab'i suna auna yawan ɗigon da ya hau kan inci ɗaya, inci kuwa santimita 2,54 ne. Hoton da za a riƙe a hannu a duba kusa da ido, ana son ɗigo 300 a kowane inci. A Photoshop na Faransanci, wato manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, ku shiga Image, ku zaɓi Taille de l'image. Nan za ku ga faɗi, tsawo, da wurin da aka rubuta Résolution, wato yawan ɗigo a kowane inci.

Bari mu yi lissafi da abin da muka sani. Hoton fasfo santimita 3,5 ne a faɗi, 4,5 a tsawo. A ɗigo 300, yana buƙatar 413 × 531 kawai, kowace salula za ta iya. Hoton biki na santimita 10 × 15 yana son kusan 1200 × 1800. Cikakkiyar takardar A4, irin ta fotokopi, tana son 2480 × 3508. Babban allon talla na bakin titi kuwa ba ya buƙatar 300, saboda daga nesa ake kallonsa, ido ba ya rarrabe ɗigon.

Akwai abin da ya faru a ajinmu da har yanzu yake ci mini rai. Wata baiwar Allah, dattijuwa, ta zo da hoton marigayi maigidanta a salula, tana son a buga shi babba, santimita 30 × 40, ta rataya a ɗaki. Ta riga ta biya kuɗi a wani shago, aka ba ta hoto fuska ta narke, ido da gira sun haɗe, ko zanen hularsa ba a gani. Ta ce mini, "Malam, wannan ba shi ba ne." Na ce, "Inna, kawo salular mu duba." Hoton 480 × 640 ne, an yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu. Ɗigo 640 a tsawon santimita 40, kusan ɗigo 40 ke nan a inci, inda ake son 300. Da mai shagon ya duba adadin nan tun farko, da ya faɗa mata gaskiya bai karɓi kuɗinta ba. Allah ya taimake mu, ɗanta da ke Kano yana da hoton na asali. Muka ce ya turo shi a WhatsApp a matsayin Document, ba ta hanyar hoto ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa ɗigo don ya yi saurin tafiya. Da aka sake bugawa, har furfurar gemunsa ta fito ɗaya-ɗaya. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba.

Wani zai ce, to ai sai a shiga Taille de l'image a goge 640 a rubuta 4000. Ana iya rubutawa, kwamfuta ba za ta ƙi ba. Amma ɗigon da za ta ƙara na kintace ne: tana duba maƙwabtan ɗigo ta cike tsakani da launi mai kama da nasu. Kamar a ƙara ruwa a kunu ne, kwano ya cika, kauri ya tafi. Akwai ɗan akwati a wannan wuri mai suna Rééchantillonnage. In kun cire masa alama, adadin ɗigo ba ya motsi, girman bugu kaɗai ke sauyawa, kuma nan take za ku ga ɗigo nawa zai hau inci. In kun bar alamar, kwamfuta za ta ƙara ɗigo ko ta zubar.

Ragewa tana da amfani, musamman in za a cika takardar neman aiki ko ta makaranta a intanet, aka ce kada hoto ya wuce nauyi kaza. Sai dai ɗigon da aka zubar ba ya dawowa. Saboda haka kullum ku yi kwafi, ku yi aiki a kan kwafin, ku adana shi da wani suna daban. Ku kuma tabbata alamar sarƙa da ke haɗa faɗi da tsawo tana kulle, in ba haka ba fuska za ta miƙe kamar goruba ko ta baje kamar waina.

Aikin gida: ku zaɓi hoto ɗaya da kuka ɗauka da kanku, ku duba bayaninsa a salula, ku rubuta faɗinsa da tsawonsa a littafinku. Ku raba kowane adadi da 300, ku ninka da 2,54, amsar ita ce girman da zai fito tas a santimita. Sannan ku tura hoton ga abokin karatunku sau biyu, ɗaya ta hanyar hoto, ɗaya a matsayin Document, ku zo da adadin duka biyun ranar Asabar.